Marka da Zangarniya Ɗaya

Da sunan Wanda ya tsaga ƙwaya a cikin duhun ƙasa, ya fitar da ɗanye daga busasshe, ya sa iska ta zama 'yar aike tsakanin gona da gona. Ku gyara zama, ku da kuka ci tuwo kuka ƙoshi ba ku tambayi inda geron ya fito ba. Ni ce Marka 'yar Shibkau, mutuniyar Gilmaza, garin da ke bayan Tekun Yashi, inda duwatsu suke ja, ruwan rijiya yake da zaƙi, mutane kuma suke da taurin kan da ban sake ganin irinsa ba a duk yawon da na yi. In kun ji muryata tana tashi, ba da ku nake ba. Tsohon haushi ne, har yau bai huce ba.

A Gilmaza muna da wata al'ada da ake kira Zangarniya Ɗaya. Idan kaka ta yi aka girbe gero, sai Mai Iri, wato dattijon da ke riƙe da irin gari, ya bi dami-dami ya zaɓi zangarniyar da ta fi kowace tsawo. Sauran geron gari duka a kai shi falalen dutse a sussuke, a tara tsibi guda, a raba wa gidaje don ci. Ba a yarda kowa ya ajiye gero a zangarniyarsa ba, balle ya shuka abin da aka ba shi na tuwo. Ita kuwa zaɓaɓɓiyar, ranar ƙarshe ta sussuka a ɗora ta a faifai, matar da ta fi tsufa a gidan Mai Iri ta zaga tsibi da ita ana guɗa. Sannan a shuka ta da rani a wata garka mai doguwar katanga, ana ba ta ruwan rijiya. Abin da garkar ta haifa shi ake raba wa kowa idan ruwa ya sauka. Haka kakanni suka yi, haka iyaye suka yi, har geron gari duka ya zama 'yan ɗaki ɗaya.

A zamanin kakata, an ce mutum kan shiga gona a kan raƙumi ba a hango shi ba. A zamanina ko akuya ba ta ɓuya. Kara ya sirance, zangarniya ta koma kamar yatsa, cutar domana ta cinye rabi. Kuma kowace shuka sai a ga wasu tsirrai sun fito fari fat, ba ɗigon kore, su yi 'yan kwanaki su mutu. Mai hankali zai ce ciwo ne. Mutanen Gilmaza suka ce tsarki ne, wai iri ya yi tsabta har duniya ta kasa riƙe shi. Suka sa musu suna 'Ya'yan Tsarki, mata suna zuba musu nono a gindi. Muna kwana da yunwa, muna taya juna murna.

Mahaifina Shibkau ya gaji, ya karɓi tafin hannu na gero a wurin wasu fatake ya shuka a gefen gonarsa. Mai Iri na lokacin kuwa wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Baffa Gwadabe, dogon mutum mai taushin murya, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa harshe ba, sai dai ya sa a yi. Ya sa aka sassare gonar aka cinna mata wuta tun geron bai fid da kai ba. Ya tsaya a bakin toka ya la'ance ta, ya ce duk wanda ya taka ta, ba shi da rabo a tsibin gari har abada. Baba bai sake riƙe fartanya ba. Kafin kaka ta zagayo mun binne shi.

A zaman makoki na tare Baffa a zaure. Na ce, "Baffa, me geron nan ya yi maka?"

Ya ce, "Marka 'yata, iri kamar jini ne, ba a gauraya shi."

"To ga tsarkin nan muna ta ci. Kai ya ƙosar da kai?"

Ya dube ni da tausayi, tausayin da na fi tsana a duniya, ya ce, "Ki yi haƙuri. Baƙin ciki ne ke magana, ba ke ba."

Na juya na shiga gida. Mahaifiyata, Inna Hakama, ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ɗauko burgamin Baba, jakar fatar akuyar da yake zuba iri, ta miƙo mini. Ta ce, "Tafi ki gano abin da ke cin geronmu. In kin gano, ki dawo ina da rai."

Na bi ayarin fatake na shiga Tekun Yashi, ƙasar da tuddai suke tafiya da kansu, inda ka kwana gabas da tudu ka wayi gari yamma da shi. Wata guguwa ta raba ni da ayarin, ruwana ya ƙare, harshena ya kumbura. Da rana ta take na kai gindin wata 'yar bishiya mai kore shar, ita kaɗai a cikin wannan fili. Na tona gindinta har farcena ya yi jini, ban sami ko laima ba. Na zage ta tas, don ban ga dalilin da ita za ta yi kore ni ina mutuwa ba. Na cusa reshenta guda a cikin burgami na ɗaure bakin, don kawai in rataye shi iska ba ta ɗauke ba, na kwanta ina jiran ajali.

Da la'asar na farka na jawo burgamin, sai na ji sanyi a hannuna. Cikinsa ya jiƙe, a ƙasansa ga ruwa ya taru kamar maƙwarwa guda. Ashe saiwarta ta nutsa inda hannuna ba zai kai ba, tana jawo ruwa sama, ganye yana fitar da shi kamar yadda mutum ke gumi. Na sha, na ba ta haƙuri a kan zagin. Haka na ƙetare Tekun Yashi, daga bishiya zuwa bishiya, ina shan gumin ganye.

A ɗaya gefen na hau wani tsauni, na hango abin da ya sa ni dariya karo na farko tun rasuwar Baba. Gonaki ne iya ganin ido, kowace zangarniya sanye da farar hula, an ɗaure mata a wuya. Wannan shi ne birnin Tagiyawa. Na nemi aiki a ƙofa, aka miƙa ni ga shugabar masu ɗaura huluna, wata gajeriyar mata mai suna Dudu, wadda kowa ke kira Uwa. Na fara da ɗinki, da ta ga hannuna yana da sauri ta shigar da ni gonakin da ke cikin ganuwa.

Can na ga geron da suke wa wannan gata. Wallahi ya fi namu lalacewa. Gajere, siriri, kuma ga fararen tsirrai nan a cikinsa. Na durƙusa na ce, "Uwa, ashe ku ma kuna da 'Ya'yan Tsarki?"

Dudu ta tuge ɗaya ta wurgar. Ta ce, "Wane tsarki? Zabiya ce. Koren da kike gani a ganye shi ne murhun tsiro, da shi yake dafa abincinsa da hasken rana. Wannan an haife shi ba murhu. Yana cinye ɗan guzurin da ke cikin ƙwaya sai ya mutu."

Na ce, "Me ke kawo shi?"

Ta cire wa wata zangarniya hula ta nuna mini. Ta ce, "Dubi nan. Zangarniya in ta fito, farin gashi take fara fitarwa, shi ne macen. Bayan 'yan kwanaki sai bununi ya biyo, garin nan rawaya, shi ne namijin. Allah ya raba lokacinsu don gashin ya karɓi bununin wata gonar da iska ta kawo. Gero ɗan auren nesa ne, yarinya. Kowane iri yana da aibi a ɓoye, baƙon bununi ke rufa masa asiri. In kika sa masa hula ya auri kansa, ko kika kulle shi da 'yan ɗakinsa shekara da shekaru, aibin uwa ya gamu da irinsa na uba, sai ya fito fili."

Na zauna a kan kunyar gona. Katangar garkarmu ce ta zo mini a ido. Ashe hula ce muka sa wa gari guda, muna guɗa. Na tuna nonon da Inna ta hana bakinta ta zuba wa tsiron da ba shi da murhu. Na tuna Baba. Ban yi kuka ba, zuciyata ce ta yi ta tafasa.

Na ce, "To ku da kuka sani, me ya sa kuke yi da gangan?"

Sai ta kai ni bayan ganuwa, inda gero ya fi ɗaki tsawo, zangarniya kamar damtse. Ta ce raunanan gidajen gero biyu ne da ba su haɗa dangi ba aka aurar, 'ya'yansu na fari suka fito haka. Wannan irin suke ba garuruwan maƙwabta.

Na ce, "Jikokin fa?"

Ta yi murmushi. "Jikoki sukan watse. Wani dogo, wani gajere, wani ya ɗauko kakan nan, wani ya ɗauko wancan. Shi ya sa kowace shekara sai maƙwabtan sun dawo neman sabon iri, kuma kowane gari yana aiko mana da majiya ƙarfinsa su yi mana noman damina. Shi ya sa kuma, Marka, duk hannun da ya taɓa ɗaura hula ba ya fita daga birnin nan. Da ma ina so in gaya miki."

Ta faɗa ne kamar mai ce mini tuwo ya nuna. A gida an kulle gero don jahilci, a nan an kulle mutane don ilimi, ni kuwa uwata tana jira. Na ce, "To, Uwa," na koma aiki. Amma daga ranar na sauya ɗauri. Kowace hula na yi mata zarge, na haɗa bakin zaren da wata doguwar igiya da na shimfiɗa a cikin kunya na rufe da ƙasa. Na jira har safiyar da bununi ya nuna a gonakin cikin ganuwa, iskar gabas kuma ta taso da ƙarfi. Na kama igiyar na ja.

Huluna suka tashi sama kamar balbelu. Garin bununi ya turnuƙe, na wannan gida yana faɗa wa gashin wancan, aikin kakannin kakanninsu yana gaurayewa a gaban idonsu. Aka buga ganga. Birni duka ya zubo gona, mata suna rufe zangarniya da ɗankwali, dattawa da rawani, masu tsaron ƙofa suka yar da mashinsu suka tuɓe riguna. Ko gudu ban yi ba. Ina daf da ƙofa na ji Dudu a bayana, hannuwanta cike da huluna, tana cewa, "Kin san aikin shekara nawa kika ɓata?"

Na ce, "Na sani, Uwa. Ke kika koya mini."

Yanzu na san ciwon, saura magani. Ina buƙatar gero mai ƙarfi wanda bai haɗa kaka da namu ba, wanda kuma ba igiya ce a wuya ba kamar na Tagiyawa. Na yi arewa, na bi ta dajin da itatuwansa ke tsiro a kan juna, na haye kogin da ke gudu sama, har na isa Ƙasar Doguwar Rana. Can da damina rana kan faɗi ne don sauke nauyi kawai, kafin ka gama cin tuwo ta dawo. Na ga gero a bakin hanya ya kai tsawon giginya, ganye kan ganye, ba zangarniya ko ɗaya. Mutanen ƙasar ana kiransu Masaƙa Dare, saboda manyan baƙaƙen kwanduna da suke saƙawa su kife a kan shukarsu.

Babbansu wani tsoho ne mai ido ɗaya, sunansa Kwasau. Na gaishe shi na faɗi buƙatata. Ya ce, "'Yar nan, ba ma ba baƙo iri sai ya sa gero ya fid da kai da hannunsa. Geronmu ba ya ƙirga ruwa, ba ya ƙirga wata. Tsawon duhu yake saurare, kuma da ganyensa yake ji. In dare bai ishe shi ba, sai ya yi ta tsawo yana jira. Ga tsiro, ga kwando. Ki kife da la'asar, ki buɗe da hantsi."

Na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Na kife, na buɗe, na kife, na buɗe. Na kowa ya yi ciki ya fid da kai, nawa sai ƙara ganye yake yi har ya fara ture kwandon. Matan unguwa suka riƙa biyowa ta wurina da gangan suna tambayata ko amarya ta haihu. Na je wurin Kwasau a fusace na ce, "Baba, juya ka ba ni don ka ga ba ni da kowa a ƙasar nan."

Ya ce, "Kin fi geron saurin fid da kai. Ke kin taɓa ganin daren da kike ba shi?"

Na koma ina gunaguni. Da rana tsaka na shiga ƙarƙashin kwandon na kife shi a kaina, na tsuguna tare da geron. Da fari duhu ne baƙi ƙirin. Da idona ya saba sai ga wani siririn haske kamar allura, ya shigo ta inda ɓera ya ɓula, ya sauka daidai kan ganye. Wannan ɗan hasken shi ke yanka masa dare gida biyu. Na fito na yaɓe kwandon da kashin shanu ciki da waje, na sare uwar karan, na bar ɗan da ya tsiro a gindinta. Shi na yi wa dare na gaskiya, kuma bai daɗe ba ya yi ciki.

Ranar sallama Kwasau ya karɓi burgamin Baba ya shiga rumbu da ni. Ya riƙa bin zangarniya yana murza kaɗan daga kowace: doguwa, gajeriya, mai ruwan toka, rawaya, har da wata mummuna mai gashi buzu-buzu. Bakina ya riga hankalina, don Gilmaza ba ta fita daga jikin mutum da sauƙi. Na ce, "Baba, ga mai tsawon can, ba ni ita kaɗai mana."

Ya dube ni da idonsa ɗaya har na ji kunya. Ya ce, "Mai tsawon a bakin rafi ta tashi, ba ta san fari ba. Wannan gajeriyar ita ta tsaya shekarar da ruwa ya ɗauke. Mai gashin nan tsuntsu ba ya iya cinta. Ke wa ya gaya miki irin shekarar da ke zuwa?" Ya ɗaure bakin burgamin, ya ƙara da cewa ko a ƙasarmu daren farkon damina ba zai ishi geronsa ba, zai yi bununi ne bayan namu ya gama. In ina so su gamu, sai na saƙa masa dare.

Na iso Gilmaza ana jiran ruwan shuka. Gidaje da yawa an toshe ƙofofinsu da ƙaya, masu su sun bi yunwa sun tafi. Inna tana da rai, amma da na rungume ta na ji kamar na rungumi dami na kara. Baffa Gwadabe kuwa yana nan yadda na bar shi, murya a tausashe, yana raba irin garka yana sa albarka.

Ruwa na sauka na ɗauki rabon Inna da burgamina, na nufi gonar Baba da rana tsaka kowa yana kallo, na taka ta. Na san na rasa rabona a tsibi, kuma ban damu ba. Na shuka layi na namu, layi na Kwasau. Na roƙi tsofaffin akurkin kaji a wurin zawarawan unguwa, na yaɓe su, ina kifewa a kan baƙon gero da la'asar ina buɗewa da hantsi. Gari ya ce Marka ta dawo da taɓin hankali, tana kiwon gero a akurki.

Baffa ya zo da samari da adduna, suka tsaya cirko-cirko a bakin gona. Ba wanda ya yarda ya taka, don la'anar da ya yi da bakinsa ba ta ware kowa ba. Ya ce, "Marka, fito mu yi magana."

Na ce, "Shigo, Baffa. Ai gonar ƙaninka ce."

Ya juya da samarinsa suka tafi.

Lokacin da zangarniyar Gilmaza ta fid da farin gashinta, na Kwasau yana zubar da bununi. Kowace safiya ina bi ina girgiza kara, garin yana sauka inda nake so. Da kaka na tara ƙwayar da ta fito a kan geronmu, ban kai ta falalen dutse ba, tunda an ce ba ni da rabo a can. Da rani sai mata suka fara zuwa gaishe da Inna, gaisuwar da ba su yi mata ba tun makoki. Kowace ta tafi da ƙullin iri a bakin zane, ba wadda ta kalli idona.

Damina ta biyu, abin da aka shuka na garka ya fito rabinsa fari, sauran kuwa bai kai gwiwa ba. Amma a gonakin matan nan gero ya tashi, kara kamar rake, ganye baƙi-baƙi don kore. Na ga tsofaffi suna shafa zangarniya suna kuka. Na ce a raina to, yanzu ko makaho ya gani.

Aka girbe, aka sussuke, tsibi ya yi tudun da yaran gari ba su taɓa gani ba. Ranar ƙarshe Baffa ya fito da farar riga, riƙe da zangarniya mai tsawon kamu biyu, wadda ya zaɓo daga damin wata bazawara. Ya ɗaga ta ya ce, "Jama'ar Gilmaza, kun ga sakamakon haƙuri. Irin kakanni ya farfaɗo, saboda mun tsare shi. Ga Zangarniya Ɗaya ta bana." Aka rangaɗa guɗa. Matan da suka karɓi ƙulli a hannuna suna cikin masu yi.

Na ratsa taro na ce, "Baffa, ka san uban zangarniyar nan?"

"Ba ta da uba sai Gilmaza."

"Ubanta daga Ƙasar Doguwar Rana yake, ni na kawo shi a burgamin ƙaninka. In ka kulle ta a garka ita kaɗai, 'ya'yanta za su watse, jikokinta su auri juna, fararen nan su dawo. Yunwar da ta kashe mana mutane za ka sake shukawa."

Ya girgiza kai a hankali ya ce, "Har yanzu baƙin ciki ne ke magana." Ya ɗora zangarniyar a faifai, ya miƙa wa matar da ta fi tsufa a gidanmu, wato gidan Mai Iri, kamar yadda al'ada ta ce. Matar kuwa Inna Hakama ce.

Inna ta karɓa ta fara zaga tsibi, tana jan ƙafa, makaɗa suna binta. Ni ina tsaye, idona ya rufe don haushi, ban san abin da zan yi ba. Da ta zo daidai inda nake sai ta tsaya. Ta ce, da muryar da kowa ya ji, "Marka, riƙe mini, hannuna ya gaji."

Na karɓa. Na haye tsibin ina nutsewa har gwiwa, na kai ƙololuwa, na murje zangarniyar tsakanin tafukana har ba ƙwaya ɗaya da ta rage a jikinta. Na sa hannu da ƙafa na cakuɗa, na cakuɗa, geron bazawara da na mai unguwa da na kowa. Kiɗa ya tsaya. Na jefa wa Baffa sandar zangarniyar a gabansa na ce, "Tana nan ciki, Baffa. Zaɓo ta."

A duk faɗin Gilmaza babu sauran zangarniya ko ɗaya da ba a sussuke ba. Dokarsa ce ta tabbatar da haka. Ko ya so ko ya ƙi, daga tsibin nan za a yi shuka. Ranar na ji muryar Baffa Gwadabe ta tashi karo na farko, kuma ba ta da daɗin ji. Ya ce kada rana ta faɗi ina cikin gari. Ba wanda ya tsaya mini, har waɗanda 'ya'yansu za su ci tuwon. Na ce wa Inna ta zo in goya ta mu tafi. Ta ce, "Ina za ni da waɗannan ƙafafu? Tafi abinki. Na ce ki dawo ina da rai, kin dawo."

Ban sake ganinta ba.

Shekaru sun shuɗe, kaina ya yi fari a kan hanya. Wata rana a kasuwar wani gari mai nisa na ji wani falke yana tallan gero yana cewa, "Ga Ɗan Gwadabe, mai jure fari, ga Ɗan Gwadabe na Gilmaza." Na matsa na tsoma hannu a buhun. Ƙwaya ce iri-iri, mai ruwan toka, rawaya, manya da ƙanana. Na tambaye shi garkar nan mai katanga, ya ce awaki ake kwanarwa a ciki. Na tambaye shi wata tsohuwa Hakama, ya ce ya ji ta ga kaka da yawa kafin ta cika, kuma ba da yunwa ta tafi ba. Na ce to wane ne Gwadabe?

Ya ce, "Ai wani dattijo ne mai hangen nesa, Iya, Allah ya ji ƙansa. Shi ya koya wa mutanensa gauraya iri. An ce ya sha fama da wata mahaukaciyar 'yar ƙaninsa, amma bai fasa ba."

Iyakar inda ƙafata ta taka ke nan, iyakar abin da bakina zai faɗa. Na sa ya auna mini mudu guda, na kai masauki na surfa, na daka, na tuƙa, na ci har na ƙoshi. Tuwon ya yi daɗi ƙwarai, kuma shi ne ya fi ba ni haushi.